Kunyar da Babu Mai Kallo

Wani ƙauye bayan Gembu,
farkon damina.

Zuwa ga taubashiyata Malama Ummukulsum, sarauniyar bin diddigi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida Malam Abbas da yara da 'yan ajinki. Ni ma lafiya lau, sai sanyin tsaunin nan da ruwan da ba ya ɗaukewa. Shanun da aka turo ni in yi wa allura sun fi ni jin daɗin garin.

Kin ga na koma rubutu irin na kakanninmu. A nan waya ba ta shiga sai an hau wani tudu, kuma kafin a gama gaisawa ta katse. Shi ya sa nake rubutawa a takarda in ɗauki hotonta, ranar kasuwa in hau tudun in tura. Ke ma ki yi haka, tunda na san bakinki ba ya taƙaitawa.

Na gode da ɗawainiyar suna. Na bar Baure ban ƙoshi da kallon yaron ba. Da yake sunan mahaifina Maliki aka sa masa, na ji har an laƙaba masa Ɗantsoho, kuma ya dace da wannan goshin nasa.

Ga roƙona. Katanga ɗaya ce tsakaninki da gidan Iya Tasalla, kakar matata Fadila, inda Fadilar take wankan jego. Ki zama idona. In na samu na kira Fadila, daga "lafiya lau" sai "to". In na tambayi yaron sai ta yi shiru ta miƙa wa Iya wayar. Iya kuwa yabo take ta yi, wai rabon da ta ga mai kunyar ɗan fari irin matata tun zamaninsu. Ba na ɓoye miki, kaina ya kumbura. Amma yabo ba labari ba ne. Yana tsotso? Ya fara bin mutum da ido? Wa ya biyo?

Naki,
Nu'uman

Baure,
ranar Lahadi.

Zuwa ga likitan shanu.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Malam yana gaishe ka. An yi shuka, gero ya tsiro, kuma rabin ajina sun gudu gona.

Ɗantsoho yana tsotso, yana ƙiba, kuma kai ya biyo, Allah dai ya sa ya tsaya a goshin. Fadila tana shan wanka safe da yamma. Iya da kanta take tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata, sannan a ɗora da kunun kanwa. Jikinta ya yi kyau.

Maganar kunya kuwa, ba a yi maka ƙari ba. Mata suna zuwa barka har daga Zango, su fita suna jinjina kai. Ba ta kallonsa. Ba ta ɗaukarsa sai an ɗora mata shi, ta ba shi nono fuskarta a bango, da ya saki ta miƙa wa na kusa. Ko laƙabin ba ta faɗa, sai dai ta ce "ga shi nan." Jiya wata tsohuwa ta ce a kawo 'yan matan unguwa su ga yadda ake yi.

Ka san ni a Kaduna na tashi, kuma da na haifi Sadiq ranar suna na ɗaga shi sama a tsakar gida ina yi masa waƙa, har gobe ana ba da labarina a Baure. Saboda haka abin nan ya tsaya mini a rai, ina so in gane shi. Yaya mace za ta ɗauki ciki wata tara, ta sha naƙuda, sannan ta iya kawar da kai? A ina ake ajiye son kafin baƙi su tafi? Na tambayi Iya, ta ce tambayar marasa ta ido ce. To, ni kuwa na ɗaura niyya, duk tsohuwar da ta shigo barka sai na tsare ta na ji yadda ta yi nata.

Abu ɗaya na lura da shi, ban san ko na jego ba ne. Naman da aka gasa mata yana kwana a kwano. Fadilar da na sani ba ta yi wa nama haka.

Taka,
Ummukulsum

Baure,
ranar Juma'a.

Nu'uman,

Sallama da gaisuwa. Ban jira amsarka ba, don bincikena ya yi 'ya'ya.

Tsofaffin nan ashe 'yan duniya ne. Da farko kowacce takan haɗe rai ta ce ita ko sau ɗaya ba ta kalli ɗan farinta ba. In na zuba musu kunu na yi ta ja, sai gaskiya ta fito. Wata ta ce takan jira kowa ya tafi rijiya, ta ƙirga yatsun jaririyarta ɗaya bayan ɗaya. Wata daga Sandamu ta ce ita shinshinar kansa take yi har surukarta ta zaci mura gare ta. Ita kanta Iya Tasalla, da dariya ta ci ƙarfinta, ta nuna mini bayan rumbu, ta ce a nan take ɓuya da ɗan farinta tana yi masa rawa a kan cinya. Ban samu ko ɗaya ba wadda kunyarta take bin ta har cikin ɗaki. Ashe abin na idon jama'a ne. In ido ya kau, uwa ta koma uwa.

Sai na ce bari in kama Fadila ita ma, in samu abin tsokanarta. Shekaranjiya da hantsi Iya ta tafi gaisuwar rasuwa, gidan ba kowa. Na taka turmi na leƙa ta kan katanga, kuma kada ka ce mini komai a kan wannan. Tana zaune a ƙofar ɗaki, yaron yana kwance a tabarma kusa da ƙafarta, idonsa biyu, yana ta wutsil-wutsil. Na tsaya har ƙafata ta yi tsami. Ba ta dube shi ba. Ƙasa take kallo, hannuwanta a zube. Da ya fara kuka ta ɗauke shi, ta ba shi nono, ta gyara masa zani tsaf, amma fuskarta tana bango kamar gidan cike yake da baƙi.

Na sauko daga turmin ba dariya. Nu'uman, wa take jin kunya a gidan da ba kowa? Wannan tambayar ta hana ni sakat. Ina ganin abin da ake yabo ba shi ne abin da ke faruwa ba.

Ka gaya mini, yaya take lokacin da take da cikin? Ni sai da ta zo goyon ciki na fara ganinta kullum.

Ummukulsum

Bayan Gembu,
ranar kasuwa.

Ummukulsum,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya.

Wasiƙunki biyu tare suka shigo. Ta farko ta sa ni dariya. Ta biyu na karanta ta a tsaye a kan tudu, ruwa yana dukana, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Wasa tsakaninmu tun na kakanni ne, amma yana da iyaka. Na ce ki zama idona, ban ce ki hau turmi ki leƙa matata ba. Abin da kika rubuta, in an cire kwalliyar, cewa kika yi Fadila ba ta son ɗanta. Kin san abin da wannan maganar za ta zama in ta fita a Baure? Yarinyar da ta yi ɓarin cikinta na farko, ta yi shekara biyu tana roƙon Allah, ita ce za a ce ba ta son abin da ta haifa?

Kin tambayi yadda take da cikin. Mai kunya ce tun lokacin. Ko kayan jariri ta ƙi a saya, da na kawo wasu 'yan riguna ta tura su ƙarƙashin gado ba ta buɗe ba. Barci ma ba ta yi sosai, tana ta lissafin motsin cikin. Kowa ya ce haka masu jiran ɗan fari suke.

Don ke ba ki yi kunya ba, ba shi ne za ki mayar da ta wasu ciwo ba. Ki bar ta ta gama wankanta lafiya.

Nu'uman

Baure,
ranar Talata.

Nu'uman,

Sallama. Mu dai muna nan.

Na ji haushin wasiƙarka, kuma na yi kwana biyu ina shirya maka amsar da za ta ƙona takarda. Na fasa, don abin ya wuce ni da kai. Koma ka karanta abin da na rubuta. Ban ce ba ta son shi ba. Wadda ba ta son ɗa ba ta gyara masa zani haka.

Na daina leƙe, na shiga ta ƙofa. Na ce zan yi mata tsifa, don mace ta fi sakin baki in ba a kallon idonta. Muna cikin tsifar na ce, "Fadila, in kin dube shi me kike ji?" Can ta ce, "Yaya, ba na jin komai. Ina jira in ji, ya ƙi zuwa. Kowa yana cewa na iya kunya, ni kuwa tsoro nake ji kada a gane." Na ce a gane me. Ta ce, "A gane Allah ya ba ni ɗa bai ba ni zuciyar uwa ba." Ta ce ko yaron ya yi barci ita ba ta iya yi, abinci kuma kamar ƙasa a bakinta. Sannan ta faɗi abin da ya sa hannuna ya tsaya a kanta. Ta ce, "Wani lokaci ina ganin da ba na nan, da an ba shi wadda ta fi ni, kowa ya huta."

Ka karanta wannan layin sau biyu, Nu'uman. Tun ranar ba mu bar ta ita kaɗai ba.

Na gaya wa Iya. Ta fatattake ni, ta ce boko ne ke damuna. Amma tsohuwar nan tana da nata gwajin. Washegari da rana ta kwantar da yaron a tabarma, ta bar shi ya yi ɗan kuka, ta zauna tana tsinke zogale kamar ba ruwanta. Daga baya ta ce mini ƙafar Fadila take kallo. Wai mai kunya fuskarta ce kawai take juyawa, amma ƙafarta sai ta motsa. Fadila ba ta motsa ba, hawaye ne kawai suke zuba. Iya ta ajiye zogalen ta ce, "Ni na yi ta yabon yarinyar nan tana nutsewa."

Iya ta karɓo rubutu, ana tofi, kuma ban hana ba. Amma na je Daura na samu Sista Clementina, ungozomar da ta yi wa Fadila awon ciki. Mutuniyar kudu ce, mijinta yana sayar da kayan gyaran babur, Hausarta ta fi taka. Na yi mata tambayoyi har ta ce ko jarrabawa zan zauna. Ta ce ciwo ne sananne, damuwa mai tsanani da ke kama mata da yawa bayan haihuwa, wasu tun da ciki, balle wadda ta taɓa ɓari. Ba rashin imani ba ne, ba mugun hali ba ne, kuma ana warkewa. Ta ce a kawo Fadila a wannan makon, kada a jira.

Ga inda aka tsaya. Iya ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, amma za ta karya wannan in mijinta ya ce a je. Ba za ta yi gaban kanta ta kai matar mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa ba, gobe dangin miji su ce an sa mata suna. Kalmarka muke jira.

Ummukulsum

Baure,
ranar Asabar.

Nu'uman,

Sallama. Ranar kasuwarku ta wuce, wayata ta nuna ka buɗe wasiƙar, kuma ba ka ce uffan ba. Na kira, ba ta shiga.

In fushi kake yi da ni, ka yi ta yi har Sallah. In tsoron bakin mutane ne, ka sani bakin mutane ne ya kawo mu nan, da yabonsu. Jiya Fadila ta tambaye ni ko ka sani. Na ce ka sani. Ta ce, "Shi ya sa ya yi shiru." Ban taɓa jin haushinka kamar lokacin ba.

Jibi Litinin. Ko da amsarka ko babu, zan san yadda na yi da Iya.

Ummukulsum

Bayan Gembu,
tsakiyar damina.

Zuwa ga Malama Ummukulsum.

Assalamu alaikum. Na dawo daga Baure lafiya, shanu suna gaishe ki. Ina fatan Malam da yara suna lafiya.

Sai da na dawo na hau tudu sannan na buɗe wasiƙarki ta Asabar, ta same ni da zafinta. Lokacin da kike rubuta ta ina bayan wata motar dankali a kan hanyar zuwa Baure, wayata ta mutu, ruwa ya cinye hanya a gangaren tsauni. Daga kan tudun da na karanta layin nan da kika ce in karanta sau biyu ban koma masauki ba. Na ɗauka zuwa ya fi amsa. Ban yi tunanin yadda shirun zai sauka a kunnen Fadila ba, kuma wannan ya dame ni. Kin ga fuskarki da kika gan ni a ƙofar Iya da taɓo har gwiwa? Ba ki ce mini sannu ba, cewa kika yi, "Sai yanzu?"

A Baure ba mu samu zama ba, ga abin da ba ki gani ba. A asibiti, bayan sun gama da Fadila, likita da Sista Clementina sun kira ni ni kaɗai. Tambayoyin da suka yi mini irin naki ne. Da na ba su labarin rigunan da ke ƙarƙashin gado, Sista ta ce, "Oga, wannan ba kunya ba ne, tsoro ne. Tana ganin in ta shirya, wannan ma zai tafi." Watanni ina kwana ɗaki ɗaya da tsoron nan ina kiransa kunya. Ni da nake gane saniya ba ta da lafiya tun daga yadda take tsayuwa.

Na tambaye su komai. Maganin ba ya hana shayarwa, amma sai ya ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi. Za ta riƙa komawa suna zama da ita suna magana. Sun ce barci ma magani ne, a samu mai riƙe yaron ta samu ta runtsa. In Allah ya sa za a sake wani cikin, mu fara zuwa wurinsu tun kafin a ɗauka, su bi ta har bayan haihuwa. Ban taɓa sanin ana awon zuciya kamar yadda ake awon ciki ba.

A hanyar dawowa, daidai Zango, ta ce mini, "Ba za ka mayar da ni gida ba?" Na ce ai gidan za mu. Ta ce ba wannan take nufi ba. Na gane saki take tsoro, na ce mata ko duk Baure za su taru su ba ni shawara ba zan yi ba. Ta jingina kanta a kafaɗata a cikin mota cike da mutane, Iya tana gefe tana kallon gonaki da gangan.

Na nemi a dawo da ni kusa, ban san ko za a yarda ba. Kafin nan ki ci gaba da zama idona. Turmin ma na yafe.

Amma ki gaya mini gaskiya, kada ki lallashe ni. Abin da take jira ta ji, zai zo?

Naki,
Nu'uman

Baure,
gero ya fara fitar da kai.

Zuwa ga likitan shanu, mai taɓo har gwiwa.

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Na yi jinkirin amsa da gangan, don ka ce kada in lallashe ka, kuma a makonnin farko ba ni da abin faɗa. An yi arba'in, an gama wanka, Iya ta ce ba inda Fadila za ta sai ta ga ƙarfinta. Akwai ranakun da ta tashi da sauƙi, akwai waɗanda ta koma kamar da. Ni nake raka ta Daura. A can ta haɗu da wasu mata masu irin ciwonta, har da wata mai 'ya'ya biyar, kuma ta yi mamaki ƙwarai da ta ji ba ita kaɗai ba ce. Nama ya daina kwana a kwano.

Iya ta sauya. Yanzu in baƙuwa ta fara yabon kunyar Fadila, sai ta katse ta da maganar farashin taki. Kwanan baya an haihu a bayan layinmu, ɗan fari. Iya ta je barka, ta kori kowa daga ɗakin, ta zauna ta tambayi mai jegon, "Ke, kina barci kuwa? In ba kowa kina kallonsa?" Matan unguwa sun ce tsufa ne ya fara taɓa ta.

Yanzu ga amsarka. Jiya da hantsi na shiga aron rariya. Na yi sallama ba a amsa ba, tsakar gida ba kowa. Sai na ji wata 'yar murya daga bayan rumbu. Na taka a hankali, ka san halina. Fadila ce zaune a kan kujera 'yar tsugune, ta ɗora yaron a cinya, yana sanye da ɗaya daga cikin rigunan nan naka, har ta yi masa kaɗan. Ta kafa hancinta a tsakiyar kansa tana shinshina. Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, ta ce, "Ɗantsoho. Kai, Ɗantsoho, wa ya ba ka wannan goshin?" Shi kuma yana ta bangala mata baki.

Tsinanniyar rariyar Iya ce ta tona ni, na taka ta. Fadila ta waigo ta gan ni. Nan take ta dire yaron a kan zani, ta juya fuskarta ga rumbu, ta ja mayafi ta rufe baki. Na ce, "Me kike yi a nan?" Ta ce, "Ba komai, Yaya. Kuka yake yi." Yaron da ke dariya.

Na dubi ƙafarta. Babban yatsanta yana kan tafin ƙafarsa yana shafawa.

Ban tsokane ta ba, ko da yake na sha wuya kafin na haɗiye. Na ɗauki rariyata na fito, sai da na kai zaure na zauna na yi kukana. Ba ta gama warkewa ba, ranar Litinin ma za mu koma Daura. Amma in ka kira ka tambayi yaron ta yi shiru ta miƙa wa Iya wayar, kada hankalinka ya tashi. Wannan karon kunya ce.

Taka,
Ummukulsum